Ƙahon roba a Makka: abin da na gani a wata cibiyar hijama

Mu masu jan mota tsakanin Makka da Madina ciwonmu ɗaya ne, kuma mazauninsa sananne ne: ƙeya, tsakanin kafaɗu, sai ƙugu. Hanyar ta haura kilomita 400, a zaune za ka cinye ta, hannu a kan sitiyari, sanyin mota yana dukan wuyanka. Tun da jirgin ƙasa na Haramaini ya fara aiki a 2018 fasinja ya ragu mana, dole mutum ya ƙara sawu kafin ya haɗa kuɗin haya da na makarantar yara, jiki kuwa shi ke biyan bashin. Shi ya sa in muka haɗu wurin mai shayi a Shara Mansur bayan Isha, da wuya a tashi ba wanda ya ce, "Wai ina ake ƙaho mai kyau yanzu?"

Amsar da nake bayarwa a can ita zan bayar a nan, sai dai a nan zan faɗi dalili. Akwai wata cibiyar hijama, wato ƙaho da Larabci, a gefen Shara Sittin, a saman bene, da na jima ina zuwa. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai inda zan yi ƙorafi, kuma ba na so a ce na fito ɓata wa wani kasuwa. Abin da zan faɗa ya isa mutum ya auna ta da shi, ya kuma auna kowace irinta.

A Tundubawi, wata unguwa a nan Makka, aka haife ni. Kakana ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi shekaru yana noma a Sudan yana tara guzuri, kafin ya ƙetaro teku ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin. Mutanen da suka biyo wannan hanya ba su baro sana'o'insu a gida ba, har da wanzanci. Muna yara akwai wani tsoho a layinmu, Baba Wanzami kawai muke ce masa, shi ke yi mana aski, shi ya yi wa yawancinmu kaciya, shi kuma ke yi wa iyayenmu ƙaho. Da hantsi ake shimfiɗa tabarma a inuwar bango. Sai ya kwance zabira ya fito da ƙahonin shanu gajeru, sun yi sulɓi saboda shan hannu, kowanne da 'yar ƙofa a tsininsa. Ya shafa ruwa a bayan mahaifina, ya kafa ƙahon, ya sa baki a tsinin ya zuƙa har kumatunsa su lotsa, sannan ya turo kakin da ke bakinsa da harshe ya toshe ƙofar. Ƙaho ya tsaya cak, ba mai riƙe da shi.

Yana da wani yaro mai koyo, mai gaggawa, wanda in ya sa baki sai ya zuba ƙarfinsa duka har mutum ya gantsare. Faɗan da tsohon nan yake yi masa na haddace shi saboda yawan ji. "Kai, wa ya ce maka ja ake yi? Guga ake ja. Nono ake tatsa, ƙaya ake cirewa, takobi ake zarewa, wanda ya faɗa rijiya shi ake tsamowa. Jini zuƙo shi ake yi, sannu sannu, har ya yarda ya biyo ka."

Wannan faɗa shi ne ma'aunina har yau. Bahaushe bai tara kalmomin nan don ado ba, kowacce tana gaya maka ƙarfin da aka sa da halin da aka bar wurin a ciki. In ka zare abu, ya fito sumul ta hanyar da ya shiga, kamar zare daga allura, ba ɓarna. In ka fizge shi, ka samu abin amma ka bar ciwo. Tumɓukewa har saiwa take ɗaukowa, shi ya sa ake tumɓuke rogo, ake kuma tumɓuke sarki. Zaƙulowa sai an yi lalube a cikin duhu ko cikin tarkace. Tatsa da matsi take tafiya, yatsu ne ke tilasta wa abin ya fito. Zuƙa ita kaɗai ce ba a taɓa abin da ake nema: ka rage iskar da ke samansa, shi kuma ya taso da kansa. Duk ilimin ƙaho a nan yake. Kayan aiki sun sauya, ƙahon saniya ya koma kofin roba, baki ya koma ɗan famfon hannu mai kama da bindigar wasan yara, amma tambayar da nake yi wa duk mai ƙaho ba ta sauya ba: zuƙa yake yi ko fizga?

To, mu hau benen.

Abu na farko da za ka gani bayan ka shiga shi ne lasisi a rataye a bango. Kada ka raina wannan takarda. Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya ta sa hijama cikin ayyukan da ba a yi sai da izini, kuma mai yin ta sai ya kasance ma'aikacin lafiya da ya samu horo a kanta. A teburin karɓar baƙi za su duba iƙamarka, wato katin izinin zama, ko katin ɗan ƙasa, su miƙo maka takarda ka cike. Tambayoyin ba na cika sharaɗi ba ne kawai: kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin? Kana da ciwon suga? Ciwon hanta? Ƙarancin jini? Sikila? Wannan ta ƙarshen ta shafe mu sosai, don mun san yadda take a cikin danginmu. Sannan a auna hawan jininka kafin a shigar da kai. Na ga an mayar da wani dattijo gida a gabana saboda awonsa ya yi sama, yana ta faɗa yana cewa ai saboda hawan jinin ya zo. Suka ba shi haƙuri, suka ce ya fara ganin likitansa. Ni a ranar na ƙara yarda da wurin. Wanda ya iya mayar da kuɗi a ƙofa saboda lafiyarka, ba zai cuce ka a ɗaki ba.

Wanda ya saba yi mini wani matashi ne ɗan Sudan, nas ne. Da Larabci muka fara gaisawa, sai ya duba takardata ya ga Hausawi a ƙarshen sunana, ya ɗago kai ya ce, "Baba, ina wuni?" Ashe Bahaushen Gadarif ne, kakanninsa ma hanyar hajji ce ta ajiye su a can. Hausarsa irin ta tsofaffi ce, da Larabcin Sudan a barbaɗe a kai, kuma bai taɓa kiran aikinsa hijama a gabana ba, ƙaho yake cewa.

Ga yadda yake yi. A gabanka zai yage ledar kofuna, sababbi, manya da ƙanana. A gabanka zai ɓare reza daga takardarta, irin 'yar ƙaramar nan ta tiyata. Ya sa safar hannu, ya shimfiɗa sabuwar takarda a kan gado. Kafin ya ɗora komai sai ya bi bayanka da babban yatsa yana dannawa, daga gindin wuya zuwa ƙugu, yana tambaya, "Nan ne, Baba? Ko nan?" Ya goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya kafa kofi, ya maƙala famfo a kan 'yar ƙofar da ke samansa. A nan nake kasa kunne da fata. Ba ya danna famfon a jere. Sai ya ja sau ɗaya ya tsaya, ya leƙa ta jikin kofin ya ga yadda fata ta taso, ya tambaye ka, sannan ya ƙara. A tsakanin kafaɗu, inda nama yake da kauri, yana ƙarawa. A gefen wuya, inda fata take da laushi, da wuri yake tsayawa. Abin da za ka ji shi ne kamar an kama wurin an riƙe da tafin hannu mai ɗumi, ba zafi, ba tsunkuli.

Bayan 'yan mintoci sai ya ɗaga 'yar ƙofar, iska ta shiga, kofin ya saki da kansa. Wannan ma abin lura ne. Gwani ba ya ɓamɓare kofi daga jikin mutum, sai ya buɗe wa iska hanya tukuna. Wurin ya yi ja, ya ɗan kumbura, ya mutu kaɗan, shi ya sa tsagar ba ta da zafin da mutane ke tsoro. Tsagarsa gajeru ce, a sama sama, a jere bisa tsawon jiki, ko kaɗan ba ya nutsa rezar. Ya mayar da kofi, ya sake zuƙa. Da na roƙe shi, ya ɗauki hoton bayana da wayata don in gani: jinin yana tsattsafowa ɗigo ɗigo daga kowace tsaga, ɗigon su haɗu su gangara gindin kofin. Ba ya wuce abin da zai rufe gindin ƙaramin kofin shayi a kowane wuri. Mai ba da gudummawar jini a asibiti ana ɗibar masa kusan mililita 450, abin da ya fita daga bayana bai kama ƙafar wannan ba.

Sai maganar da na fi son in isar. Da ya ɗaga kofin farko ya kwashe jinin da auduga, ya yi baƙi ƙirin, ya daskare guda guda. Tun muna yara abin da ake nuna mana ke nan a ce ga mataccen jini, ga dattin da ke sa ciwo. Na ce masa, "Ɗana, ka ga abin da ke cikin jikina?" Ya yi murmushi ya ce, "Baba, ba zan yi maka ƙarya ba. Ko jinin jariri aka bari a kofi na mintoci haka zai daskare ya yi duhu. Halin jini ne in ya fita daga jijiya." Ya ce abin da shi ya gani a aikinsa, mutane da yawa masu ciwon baya da wuya suna samun sauƙi, wasu na kwanaki, wasu na makonni, amma ƙaho ba ya maye gurbin maganin hawan jini ko na suga, kuma duk wanda ya ce maka ka ajiye ƙwayoyinka saboda an yi maka ƙaho, ka tashi ka bar masa wurinsa.

Wallahi wannan magana ta fi mini ƙahon kansa. Da ya ga dama sai ya ɗaga audugar nan ya girgiza kai ya ce jikina ya cika da guba, sai na dawo kowane mako, kuma da na yarda, don abin da na taso ina ji ke nan. Mutanenmu da yawa a nan Makka ba su da inshorar kirki, ganin likita tsada yake musu, suna neman wanda zai ce musu ga hanya mai sauƙi. Irin wannan mutum in ya faɗa hannun maƙaryaci, shanyewar ɓarin jiki ce ƙarshensa. Na san gidan da hakan ta faru.

Ni kuwa sauƙin da nake samu na gaske ne. Ƙeyata takan saki, in iya waiwayawa in duba bayan mota ba tare da na juya kafaɗa duka ba, barci kuma ya yi nauyi a daren. Ba ya ɗorewa har abada, in aiki ya yi yawa a lokacin Umarar azumi ciwon yakan dawo. Tabon kofi yana yin mako ɗaya zuwa biyu kafin ya baje. Samari yanzu har alfahari suke da shi, tun da suka ga irinsa a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya Michael Phelps a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ko da yake nasa ba tsaga a ciki.

Kuɗin da na biya riyal 150 ne, da katin banki na mada, kofunan da aka yi mini amfani da su kuma a gabana aka jefa su cikin jakar sharar asibiti mai launin rawaya, rezar ta shiga akwatinta daban. Na san akwai masu bi gida gida a unguwanninmu da kofuna a leda, suna karɓar abin da bai kai rabin haka ba. Wasunsu 'yan uwanmu ne, neman halal suke, ban ƙi su ba. Amma ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da rai a jikin busasshen jini a kan kofi ko reza, ruwan zafi da sabulu kuma ba su isa a dogara da su ba. Ina ƙaunar Baba Wanzami, Allah Ya jiƙansa, amma aska ɗaya ya yi wa layinmu duka aiki da ita, yana wasa ta a fata tsakanin mutum da mutum. Bai sani ba. Mu mun sani.

Yanzu ƙorafi.

Ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci, waɗanda suka zo a hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas, wurin ba ya shiguwa. Ba laifi ba ne mutane su nemi ranakun sunna, laifin na masu wurin ne da suke karɓar mutane fiye da hannayen da suke da su. A irin wannan rana na taɓa faɗawa hannun wani ma'aikacin daban, don nawa yana da layi. Ko bayana bai taɓa ba balle ya tambayi inda ke ciwo. Ya jera kofuna, ya danna famfo har ƙarshe a kowanne, ya fice zuwa ɗaki na gaba. Fata ta cika kofi tam, ina jin kamar za ta yage. Da ya dawo ya daɗe, kuma ɓamɓare su ya yi. Washegari wurare biyu sun yi bororo sun ɗuri ruwa, na yi kwanaki ban iya jingina da kujera ba. Kayan aiki ɗaya, ɗaki ɗaya, kuɗi ɗaya, amma wannan fizga ce. Da na koma na nuna wa mai kula da wurin, ya ba da haƙuri, aka wanke mini aka sa magani ba a karɓi ko halala ba. Na yaba da hakan, sai dai gyaran da ake bukata shi ne a rage yawan mutanen da ake ba lokaci a ranakun nan. Shawarata, ka aika musu saƙo ta WhatsApp tun da wuri, ka kama lokacin safe, ka kuma faɗi wanda kake so ya yi maka. In an ja kofi ka ji zafi, ka yi magana nan take. Haƙƙinka ne a sassauta.

Na biyu, teburin karɓar baƙi ya zama kanti. Kana fitowa jiki a sake, sai a tare ka da zuma da man habbatus sauda da tayin biyan kuɗin zuwa da yawa a dunƙule. Hadisin da Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas ya haɗa shan zuma da tsagar ƙaho a cikin abubuwan waraka, gaskiya ne, amma ba a ce sai zumar wannan teburin ba, mai ninkin kuɗin kasuwa. Haka kuma suna son ƙara maka yawan kofuna, tunda kowane ƙari da kuɗinsa. Anas ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana yin ƙaho a gefen wuya biyu da tsakanin kafaɗu. Ban ga dalilin da za a rufe bayan mutum da kofi tun daga wuya har ƙugu ba, in ba ciwon ne ya kai can ba.

Kada a fahimce ni da cewa karɓar kuɗi a kan ƙaho aibi ne. Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi ƙaho, aka ba shi sa'i na dabino, har aka nema masa sassauci wurin iyayen gidansa. Sana'a ce mai asali. Akwai wani wuri da ake kira Lahyu Jamal a tsohuwar hanyar Makka da Madina, a nan aka yi wa Manzon Allah ƙaho a tsakiyar kansa yana cikin harami. Nakan tuna wannan in ina tafe da alhazai a tsakanin biranen biyu, wani ya dafe kai yana kukan ciwo. Abin da nake so kawai, wanda ya riƙi sana'ar da ke da irin wannan tarihi ya riƙe ta da mutunci.

A watan azumi sai bayan tarawihi suke buɗewa. Malaman nan suna bin fatawar cewa ƙaho yana karya azumi, mu kuma da muka tashi a kan mazhabar Malik an karantar da mu cewa ba ya karyawa, sai dai an ƙi shi ga wanda zai raunana. Yin sa da dare ya raba gardama, kuma ya fi wa jiki.

Akwai abin da na rasa a benen nan, ba kuma laifinsu ba ne. Ƙahon da na sani a yarinta zama ne: maƙwabta a gefen tabarma, hira, wanzami yana yi wa mutum tsiya yana tambayar lafiyar iyali, a ƙare da kunu mai zafi. Nan kuwa labule ne da fitila fara da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Da wannan yaro na Gadarif ne kaɗai nake samun ɗan abin da ya yi kama da wancan, in yana aiki yana ba ni labarin noman riɗi da dawa a garinsu, da halin da danginsa suka shiga tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023. In ya gama yakan shafa man zaitun a wurin, ya rufe da auduga, ya ce kada ruwa ya taɓa sai gobe, kada in ɗauki kaya mai nauyi, in kuma sha ruwa sosai. Ka zo da riga mai faɗi mai duhu, don wani lokaci wurin yakan ɗan yi naso.

Ɓangaren mata daban yake, da ƙofarsa, mata ne kuma ke aiki a ciki. Maiɗakina ta je, ta yaba da tsabta da sutura. Amma ta tarar da wata tsohuwa 'yar Umara daga Nijar, ba ta jin Larabci ko kaɗan, an miƙa mata takardar tambayoyin nan tana jujjuya ta. Da maiɗakina ta zauna ta fassara mata ɗaya bayan ɗaya, sai ga shi tana shan maganin tsinka jini tun bayan wani ciwon zuciya da ta yi. Aka dakatar da aikin. Da ba a dace da mai jin Hausa a ɗakin jiran ba, da ta ɗaga kai ta ce to ga duk abin da aka tambaye ta, irin na iyayenmu masu kunya, a tsaga ta jini ya ƙi tsayawa. Wuri irin wannan, a garin da Hausawa mazauna da baƙi suka yi yawa haka, bai kamata ya dogara da sa'a ba. Na faɗa wa mai kula da wurin, ya ce suna neman ma'aikaciya mai jin Hausa ba su samu ba. In akwai 'yarmu nas mai lasisi a Makka ko Jidda da wannan rubutu ya iske, ko wanda ya san irinta, ta bi cibiyoyin hijama na Shara Sittin ta tambaya. Gurbin yana nan.